Sun zo hutu, sun koma da gajiya: in sake sauke su a gidana?

Mama, gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ni matar aure ce a Kaduna, 'ya'yanmu huɗu, ina cikin Zumuntar Mata. Ikilisiyarmu ce ke ɗauke da nauyin wani mai bishara da ke aiki a wani ƙauye mai nisa, shi da matarsa da yaransu uku. Bara da Kirsimeti aka kira su hutun mako biyu. Fasto ya tambaya a cikin sujada wa zai sauke su, na ɗaga hannu ban shawarci maigidana ba. Muka bar musu ɗakinmu muka koma falo. Tun da suka sauka ba su zauna ba: yau wa'azi, gobe matasa, jibi Zumunta, ga masu zuwa gaisuwa har ƙarfe goma na dare. Matarsa kuwa tun asuba tana madafa tare da ni, na hana ta, ta ƙi. Ranar da za su tafi na same ta ita kaɗai a ɗaki tana kuka, na tambaye ta, ta ce ba komai. Cefane duka daga aljihunmu ya fito, har sai da maigida ya ci bashi kafin ya biya kuɗin makarantar yara a Janairu. Bana fasto ya ce tunda mun saba, mu ne za mu sake sauke su. Maigida ya ce kada in kuskura. Ni kuwa ina ji a raina in na ƙi, kamar na kori bawan Allah ne daga ƙofata. Me zan yi?

Uwargida daga Kaduna

Ƙanwata, Allah ya saka miki da alheri a kan abin da kika yi bara. Amma bari in fara da maganar da ba ki so ji ba: maigidanki bai yi laifi ba. Mutum ne aka tashe shi daga gadonsa mako biyu, ya ciyar da baki 11 safe da rana da dare, ban da masu zuwa gaisuwa waɗanda ba a barinsu su tafi ba su sha ko ruwa ba, sannan ya shiga Janairu da bashi a wuya, duk a kan alkawarin da ba bakinsa ne ya ɗauka ba. In irin wannan mutum ya ce kada a sake, ba aikin Allah yake ƙi ba. Janairu yake tsoro.

Ki buɗe 2 Sarakuna sura 4, labarin matar nan ta Shunem da muke yawan ambata a taron Zumunta. Da ta lura Elisha yana yawan bi ta garinsu, ba magina ta fara kira ba, wurin mijinta ta je. Ta ce masa su gina wa mutumin Allah ɗan ɗaki a saman gida, su sa masa gado da tebur da kujera da fitila. Mun riƙe karimcinta, mun tsallake shawarar da ta yi da mijinta. Mun kuma tsallake cewa ɗakin na Elisha ne shi kaɗai, yana da ƙofar da zai ja ya rufe, masu gida kuma ba su bar nasu gadon ba. Ga shi Littafi ya faɗa mana mai hali ce. Ke da kike jiran ƙarshen wata, ba a ce ki fi ta ba.

Don haka kafin ki je wurin kowa, ki nemi gafarar maigidanki a kan ɗaga hannun nan. Ki same shi shi kaɗai, bayan ya ci ya huta, kuma kada ki zo masa da aya. Namiji in aka jawo masa aya a kan abin da ya taɓa aljihunsa, yakan ji an mai da shi marar bangaskiya, sai ya ƙara kafewa. Ki tambaye shi me ya fi yi masa ciwo bara: kuɗin ne, ko kwanan falo, ko cinkoson mutane, ko dai jin labarin da ya yi a tsakiyar sujada tare da sauran jama'a. Amsarsa ce za ta nuna miki ko akwai gyara.

Yanzu ga baƙinku. Abin da aka ba su bara ba hutu ba ne, wurin aiki aka canja musu. Ba wanda ya yi haka da mugunta. A al'adarmu barin baƙo shi kaɗai wulaƙanci ne, don haka mukan kewaye shi da mutane da kwanuka da hira, mu ce mun karrama shi. Ga wanda ya zo biki ko suna, daidai ne. Amma ki duba yadda mai bishara yake rayuwa a ƙauye. Shi ne fasto, shi ne malamin yaƙi da jahilci, shi ne mai raba faɗan iyakar gona. In naƙuda ta yi gardama da tsakar dare, babur ɗinsa za a tasa zuwa asibitin da ke nesa. In maciji ya sari yaro, ƙofarsa za a buga. Bayan duk wannan sai ya ɗauki fartanya, domin alawus ɗin ba ya kai wata. Matarsa ita ce shugabar mata, ita ce malamar Makarantar Lahadi, wani lokaci har ungozoma, kuma tukunyarta ce ake sa ran ba ta ƙarewa. Mutanen da suke haka ba jama'a suka rasa ba. Abin da suka rasa shi ne su wayi gari ba wanda ke neman wani abu a wurinsu.

Kada kuma ki ce ai shi ne bai ƙi gayyatar ba. Ta yaya zai ƙi? Masu kiransa su ne masu biyansa. Shugaban matasa ya zo ya ce Malam a zo a ƙarfafa mu, shi kuwa ya san uban yaron nan yana cikin dattawan da ke sa hannu a kan alawus ɗinsa. Zai yi murmushi ya ce to, ya kwana yana shirya wa'azi a ɗakin da yara uku ke barci. A ransa ma yana iya ganin wa'azin nan shi ne kuɗin masaukinsa. Ba zai iya cewa a'a ba, sai an sami mai faɗa a madadinsa.

Wannan matsala ta girme mu duka. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka a Ikko da niyyar kawo bishara ƙasar nan: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham. A 1894 ciwo ya kashe biyu, Gowans a Girku, Kent a Bida, Bingham kaɗai ya koma gida da rai. Ƙungiyarsu ta mishan, wato SIM (Sudan Interior Mission), da kaburbura ta koyi cewa jikin ma'aikaci ma amana ne. Shi ya sa suka kafa gidan hutu a Miango, kusa da Jos, inda akwai sanyi, fiye da shekara ɗari da suka wuce, kuma har yau yana nan yana karɓar baƙi. Ban da wannan, bayan 'yan shekaru na aiki sukan koma ƙasarsu su yi watanni, likita ya duba su, su ga dangi, kafin su dawo. Daga baya 'yan ƙasa suka ɗauki aikin: EMS, ƙungiyar aika masu bishara 'yan ƙasa, ta fara a 1948, ECWA, ɗarikar da ta fito daga aikin SIM, ta tsaya da ƙafarta a 1954, CAPRO, wata ƙungiyar masu bishara, ta tashi a Zariya a 1975, sauran ɗariku ma kowace tana da nata masu bishara a fage. Mun gaji majami'u da makarantun Littafi da asibitoci da waƙoƙi, amma ɗabi'ar hutun nan, a ganina, mu 'yan ikilisiya ba mu riƙe ta da hannu biyu ba. Kamar mun ɗauka Bature ne kawai ke gajiya don bai saba da rana ba. Namu kuwa in an ce ya je garinsu ya huta, can ma aiki ke jiransa: auren ƙani, rufin ɗakin tsohuwa, kuɗin asibitin kawu.

Littafi Mai Tsarki bai ɗauki gajiya a matsayin raunin bangaskiya ba. Iliya, bayan abin da ya faru a Dutsen Karmel, ya gudu cikin jeji ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa. Mala'ikan da ya zo bai yi masa wa'azi ba. Abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashinsa ya ci. Maganar sai can a Horeb, bayan kwana 40. A Markus sura 6, almajirai sun dawo daga aike, mutane na ta kai da kawowa har ba su sami zarafin cin abinci ba, sai Yesu ya janye su gefe. Ki karanta wurin ki gaya mini in ba falonki na bara kika gani ba. Bulus da Barnaba ma da suka koma Antakiya, a ƙarshen Ayyukan Manzanni sura 14, sun tara ikilisiya suka ba da rahoto, sannan suka daɗe a can tare da masu bi. Taro ɗaya aka ambata, zaman ne aka ce ya yi tsawo.

To, ga yadda nake ganin za ki yi. In kun daidaita da maigida, ku je wurin fasto ku biyu, ku bar shi shi ya fara magana. Ku ce ba ƙin baƙin kuke yi ba, amma waɗannan baƙin ikilisiya ne, ya kamata dattawa su zauna su tsara zuwansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Fasto da ya ce kun saba, mai yiwuwa bai san an ci bashi ba, tunda kunya ta hana ku faɗa. Ku faɗa masa, har da yawan bashin. Ba tonon asiri ba ne, shi ma yana bukatar ya san abin da saukar mutum biyar ke ci kafin ya sake tambaya daga kan bagade.

Cefane na ikilisiya ne, da gas ko gawayi, da ruwa, da sabulu. Zumuntar Mata ta fi kowa iya wannan: a raba kwanaki, wannan ta kawo mudun shinkafa, waccan doya, wata ta dafa ta aiko a kula. Sai dai a faɗa tun farko cewa mai kawo abinci ta miƙa a ƙofa ta juya, don kular tuwo ba takardar izinin zama hira ba ce. Kuɗin mota kuma, zuwa da komawa, a aika musu kafin su baro ƙauye. Na faɗi wannan ne domin mai bishara yana iya sayar da akuya ko ya ci bashi don ya amsa gayyatar hutu, ya iso bai gaya wa kowa ba.

Lokacin ma a sake dubawa. Disamba ya fi kowane wata muni ga wannan. Coci cike take da shirye-shirye, mota ta yi tsada, gidaje cike da dangi, ga shi 'yan tsirarun masu bi da yake kiwo a ƙauye su ma suna son malaminsu ranar Kirsimeti. Hutun makaranta na wajejen Ista ya fi dacewa ga da yawa, domin an gama kaka tuntuni, shuka kuma ba ta kankama ba. Amma kada ku yanke masa, shi ya san gonarsa. A kuma tanadi wanda zai tsaya masa: ɗalibin makarantar Littafi ko wani ɗan'uwa da zai riƙe sujada, da wanda zai kula da dabbobi da rumbu. In hankalinsa na kan awakinsa, jikinsa ne kawai zai zo Kaduna.

Masauki shi ne inda na fi so ki dage. Mata da miji da yara uku a ɗaki ɗaya, masu gida kuma suna kwance a bayan ƙofa, kowa na tafiya da sanɗa zuwa banɗaki da dare: su ba su sake ba, ku ba ku sake ba. Su ma sun san sun kore ku daga gadonku, kuma nauyin wannan kaɗai ya isa ya hana mutum barci. A bincika cikin ikilisiya. Da wuya a rasa mai ɗakunan baya da ba kowa, ko wanda 'ya'yansa suka watse ya rage daga shi sai matarsa a babban gida, ko wanda aiki ya kai wani gari ya kulle nasa. Irin waɗannan ba sa ɗaga hannu a cikin sujada, amma in dattijo ya same su a keɓe sukan yarda. In an sami wuri, ke ki ɗauki yaran su kwana tare da naki wasu darare, iyayen su sami kansu. Ba sai na yi miki bayani ba, ke ma matar aure ce. In kuma ikilisiya tana da hali, a biya musu 'yan kwanaki a Miango ko wani masaukin baƙi na coci, su biyu kawai, bayan an tambayi mutanen wurin yadda hanya take a lokacin.

Sai tsaron ƙofa, wanda shi ne ainihin aikinki ko a gidanki suka sauka ko a wani wuri. Kwana uku ko huɗu na farko kada a sa musu komai, ko addu'ar buɗe taro. Su yi barci har rana ta take in sun ga dama. Rahoto sau ɗaya, a Lahadi ta biyu, dukan ƙungiyoyi su saurara a zama ɗaya. Gaisuwa a ware mata yamma guda a harabar coci. Duk wanda ya zo gida ban da wannan, ki tare shi da fara'a ki ce, "Malam yana hutawa, ranar Asabar da yamma za a gaisa a coci." Za a yi gunaguni. Wata za ta ce kin mallake baƙin ikilisiya, wata ta ce tun yaushe aka fara ganin mai bishara da layi kamar gwamna. Shi ya sa fasto ne zai sanar da tsarin da bakinsa tun kafin su iso, ke kuma ki zama mai bin umarni kawai. Ki kula da masu zuwa da matsalarsu su ce Malam ya ɗan yi musu addu'a, wai addu'ar wanda ya fito daga fage ta fi kaifi. Suna da fasto, a tura su wurinsa.

Bari in dawo kan matar, domin kukanta ne ya fi tsaya mini a cikin wasiƙarki. Mace tana iya yin irin wannan kuka don gajiya, ko don tsoron abin da za ta koma ta tarar, ko don ta ga 'ya'yanki da jakar makaranta ta tuna nata, ko don wani abu tsakaninta da mijinta da ba ta da wanda za ta gaya wa. Matar mai bishara ita kowa ke kawo wa kuka a ƙauye, ita kuwa ba ta da inda za ta kai nata. In ta faɗa wa matan wurin, ta zubar da girman mijinta. In ta faɗa wa masu aiko da kuɗi, tana tsoron a ce ba su da kira. Ranar tafiya, da kaya a ɗaure, ba lokacin da za ta buɗe miki ciki ba ne, dole ta ce ba komai.

Game da madafa, kada ki kore ta. Kunya ce ta kawo ta, ba ta iya zama a kawo mata, wannan gaskiya ne. Amma kuma wataƙila madafar nan ce kaɗai inda ta sami 'yar'uwa mace da za su yi hira ba a kira ta Maman coci ba. Ki ba ta kujera 'yar tsugunne da ƙaramin aiki, tsintar wake ko gyaran alayyafo, ki hana ta wanki da ɗiban ruwa da wanke-wanke. Hira takan fito ne a irin wannan zama, hannu na aiki, ba a kallon ido. Ke ki fara faɗin naki, wahalar renon yara, abin da ke hana ki barci. In ta yi magana, ki riƙe. Kada ya fito a taron Zumunta da sunan abin addu'a, kin dai san yadda wannan hanya ke yaɗa asiri fiye da gulma. Wata rana ku fita ku biyu, ki kai ta kitso, ku shiga kasuwa, ta zaɓi atamfar da ranta ke so, ku kai wa tela. In Zumunta ta tara mata wani abu, a sa a hannunta a ce nata ne. In aka ba mijin, zai tafi a man babur, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Tunda na taɓo sutura: ki gaya wa mata su daina kwashe tsummokaran da 'ya'yansu suka yar su ce na 'yan mishan ne. A tambayi shekarun yaran da girman ƙafarsu. Abin da ba za ki iya sa wa naki ya je coci da shi ba, kada ya shiga buhun.

A makon farko, bayan sun huce, a kai su asibiti su biyar, ikilisiya ta biya. A gwada jini don zazzaɓin cizon sauro, a auna hawan jini da suga, domin hawan jini yana iya daɗewa a jikin mutum bai ji komai ba. A duba ido, mai karanta Littafi da tocila shekara da shekaru yana iya bukatar tabarau bai sani ba. A duba haƙori. A ga katin rigakafin yara, a ba su maganin tsutsar ciki. In matar tana da juna biyu, ta yi awo. In akwai nas ko likita a cikin ikilisiya, shi ya raka su, zai rage musu layi da kunya. Abin da likita ya faɗa kuwa nasu ne, ba na kwamiti ba. Kuma a yi wannan da wuri, don in an sami abin da ke bukatar komawa, akwai sauran kwanaki.

Ba ki faɗi yankin da suke ba, kuma kin kyauta. Wurare da yawa yanzu ana kwana da tsoron 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane. In sun fito daga irin wannan wuri, ki sa ido: wanda ke zabura in an buga ƙofa, ko ya kwana zaune, yaro babba da ya koma fitsarin kwance, mutum mai fara'a da ya zama mai saurin fushi ko ya yi tsit. Kada a sa su tsaya gaban jama'a su ba da labarin daren da aka shigo musu don baiko ya ƙaru. In su suka so faɗa, to. In ba haka ba, a bar su. A nemo musu dattijon fasto mai riƙe asiri, in abin ya yi nauyi kuma a haɗa da likita, musamman in barci ya ƙaurace kwana da kwanaki ko mutum ya fara cewa gara ya mutu. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. Sannan a gargaɗi matasa masu waya: kada hotonsu, ko sunan ƙauyen, ko sunan wani sabon mai bi, ko ranar da za su kama hanya ya hau Facebook ko ya shiga zauren WhatsApp na coci. Ku za ku sa hoto ku kwanta a Kaduna, su ne za su koma can.

Yaran a bar su su zama yara. Kada a jera su gaban coci su yi waƙa da harshen ƙauyen don a yi tafi. Ki ja kunnen naki tun kafin su iso, kada su yi musu dariyar Turanci ko takalmi. Karatun yaran nan kuwa, ina tabbatar miki, yana cikin abubuwan da suka fi damun iyayen, ya kamata dattawa su tambayi Malam a keɓe me ake ciki. A nan akwai tarkon da nake so ki sani. Wata za ta taso ta ce a bar mata babbar 'yar ta riƙe ta sa ta makaranta, shekara ta zagayo a tarar yarinya ta zama 'yar aiki, ita ke wanke-wanke 'ya'yan gida suna aji. Iyayen kuma ba bakin magana, tunda alheri aka ce an yi musu. In za a yi riƙo, a yi shi da sanin dattawa, a faɗi makarantar da wanda zai biya, a sa mai zuwa dubawa.

Kyautar sallama a yi ta a ɓoye, cikin ambulan, ba a kira su gaba ana lissafa buhuna da lasifika ba. Kafin a saya musu komai a tambayi Malam. Ku kuna iya tunanin kwat, shi kuwa tayar babur ce ke ransa, ko fitila mai aiki da hasken rana, ko buhun taki kafin damina.

In bayan duk wannan maigida ya ce shi dai a'a, ki bar shi a kan a'arsa, kada ki zagaya ta bayansa ki sa fasto ya matsa masa. Ki sanar da wuri don a nemi wani gida, ke kuma ki ɗauki tsarin abinci da tsaron ƙofa da rakiyar matar, waɗanda su ne suka fi wuyar samun mai yi. Ba ki kori kowa ba. In kuwa ya sauko ya ce su zo, ku yanke kwanakin da za ku iya, ko mako ɗaya ne, ku ba su ɗakin yara, naku gadon ya zauna inda yake.

Kafin dattawa su zauna, ki kira matar. In ba sabis a ƙauyen, ki aika a gaya mata ta neme ki ranar kasuwa in ta fito gari. Kada ki tambaye ta me take so, za ta ce duk abin da kuka yi daidai ne. Ki riƙa ba ta abu biyu ta ɗauki ɗaya: Disamba ko bayan Ista, a gidan mutane ko a wurin da za su dafa nasu, da yara duka ko a bar manyan wurin kaka. Abin da ta zaɓa shi za ki kai gaban fasto.